Masu Sukuwa da Dokin Sallah

Dokin hawa daban, dokin sukuwa daban, kowane yaro a Tudun Wada ya san haka. Na sukuwa siriri ne, ciki a ɗame, irin 'yan Sudan da Talon. Na hawa kuwa kiwata shi ake yi don ya ɗauki jalala da mai rawani, ya yi taƙama daga Ƙofar Doka har ƙofar fadar Zazzau ranar Sallah. Amma da la'asar ta yi sanyi ran Asabar, sai ka ga an kwanto ƙosassun nan daga turke an nufi fili, wai za a gwada ƙafa.

Na farkon isowa shi ne mai akawal ɗin da ya sha gero da kanwa wata goma sha ɗaya. Ba ya rage kaya ko ɗaya: ga sirdi mai nauyi, ga likkafar tagulla, ga shi kansa da babbar riga tana kama iska. Ana cewa a tashi, dokin zai yi taku goma na mutunci, ya ja tunga, ya waiwayo yana neman makaɗa. Maigidan bai taɓa shan kaye ba a bakinsa. Ko dai ƙasar ta yi laushi, ko an yi masa baki, ko kuma, in ka matsa masa, "Ai Malam, tausayinsa na ji, akwai Hawan Daushe a gaba."

Sai ɗan haya, wanda ya biya kuɗin sa'a guda. Shi doki ya san hanyar barga, mahayin bai san ta linzami ba, don haka tserensu kullum gida yake ƙarewa.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne masanin gefe. Bai taɓa sa ƙafa a likkafa ba, amma ya san kakan kowane kili da danda da ke filin. Ya tsallaka kogin Kubanni ya leƙa filin folo sau ɗaya, tun daga ranar ba ya magana sai da dawakan Ajantina. Zai ba ka labarin yadda Sarkin Katsina Dikko ya raya wasan folo a Arewa kamar shi ya riƙe masa linzami. Da an tashi kuwa, sai ihu: "Ɗan'uwa, saki masa kai! Saki!" In aka saki doki ya yi tutsu, sai ya juya ga na kusa da shi: "Ban ce a ja ba?"

Alƙali ba shi da agogo, sai hula da yake ɗagawa. Hukuncinsa na bin shekarun mahaya ne: in Alhaji da yaro suka iso kai da kai, ranka ya daɗe, hancin naka ne a gaba.

Muri kaɗai ba ya ihu. Yana tsugune da ragowar harawa a hannu, yana lissafin majayin da zai tsinke da ƙafar da zai kwana yana gasawa da ruwan zafi. Shi ya san dokin da zai ci tun kafin a tashi, domin ya san wanda aka cika wa ciki da dusa da azahar. Ba mai tambayarsa, sai an faɗi a ce laifinsa ne.