Alƙalin Kwalbati da Sauran Zaɓaɓɓun Gunduma a Amurka

A zaɓen ƙaramar hukuma a Najeriya, mutum ya dangwala wa ciyaman, ya dangwala wa kansila, ya kama hanyar gida. A gundumar Amurka kuwa, wadda suke kira kawunti, gara ya karya kumallo kafin ya fito, domin takardar doguwa ce. Gundumomin sun haura 3,000, jihar Texas kaɗai tana da 254, kuma kujeru da yawa na ofisoshinsu sai an yi takara ake hawa.

A Texas, shugaban gunduma alƙali ake ce masa, kuma doka ba ta ce sai lauya ba. Yana zama da kwamishinoni huɗu a majalisar da ake kira kotu. Masu gurfana a gabanta su ne kasafin kuɗi, haraji, hanya da kwalbati. Wanda ya shigo da ƙarar maƙwabcinsa, sai a nuna masa wata ƙofa.

Sherif shi ne mai 'yan sandan gunduma, shi ke kai sammaci, a mafi yawan wurare kuma makullin gidan yari na hannunsa. Tunda jama'a suka zaɓe shi, majalisa ba ta da ikon sallamarsa, iyakarta ta matse masa bakin aljihu. A Kentucky mai tsaron gidan yarin ma zaɓensa ake yi. A Michigan akwai kwamishinan magudanan ruwa, kuma kada a raina shi: yana da ikon ɗora wa masu filaye kuɗin gyaran lambatu, don haka manomin da ruwa ke kwana a gonarsa ya fi sanin sunansa a kan na sanata.

Kujerar da ta fi cancanta a tsaya a kanta ita ce ta mai binciken gawa. Shi ke rubuta abin da ya kashe mutum, kuma a jihohi da dama ba dole sai likita ba, ƙuri'a ta wadatar. A Indiana, in za a kama sherif, mai binciken gawa doka ta ba aikin. A yawancin gundumomin California kuwa sherif ɗin ne da kansa mai binciken, wato in wani ya rasu a hannun yaransa, ofishinsa ne zai faɗi dalili. Wannan, a ganina, gyara yake so, domin iyalan mamaci ba su da wata takarda da za su riƙe sai wadda mai binciken ya sa wa hannu. A 2016 da Antonin Scalia, alƙalin Kotun Ƙoli, ya rasu a wani gidan gona a yammacin Texas, alƙaliyar gundumar Presidio ce ta yi aikin mai binciken, ta tabbatar da rasuwarsa ta wayar tarho, kuma doka ta yarda.

Har zuwa 2007, tsarin mulkin Texas na ɗauke da wata kujerar gunduma, ta mai duba fatu da dabbobi, sai da aka yi ƙuri'ar jin ra'ayi aka cire ta.

Gundumar Los Angeles, mai mutum wajen miliyan 10, mutum biyar ne a majalisarta. Ta Loving a Texas, mutum 64 aka ƙirga a 2020, kuma a cikinsu ake nemo alƙali, kwamishinoni huɗu, sherif, magatakarda da ma'aji. Ɗan takara a can ba ya hayar lasifika.