Gasar Gidaje da Tseren Buhu

Darasin motsa jiki, wanda Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta sanya cikin karatun firamare a Najeriya, yakan yi barcinsa a jadawali ba mai tashinsa, sai lokacin gasar gidaje ya gabato, wato bikin da ake kasa ɗalibai rukuni-rukuni a ba kowanne launinsa, ja ko kore ko shuɗi ko rawaya. An gaji tsarin ne daga makarantun kwana na Ingila, inda kowane rukuni yake da ginin kwanansa. A makarantar jeka-ka-dawo kuwa, riga mai launin rukuni ce kaɗai ta rage, kuma iyaye ne ke biyan kuɗinta.

Mafi ɗaukar hankali shi ne tseren buhu, inda ake zura yaro mai lafiyar ƙafafu cikin buhu a umarce shi ya yi sauri, alhali langa, wasan tsalle da ƙafa ɗaya da yaran suka ƙware a kansa tun a dandali, ba kasafai take samun gurbi ba, wataƙila don ba ta buƙatar a sayo komai. Ladan ɗan tsere garin gulukos ne, wanda ake zuba masa a tafin hannu, kuma an sha ganin yaron da ya zo na ƙarshe ya zube ƙasa da gwaninta domin rabonsa ya ninka.

Tseren iyaye ne ke rufe taro, inda magidanta ke tattare babbar riga, hula na faɗuwa, malamai kuma su riƙe dariyarsu saboda ba a riga an sanar da gudunmawar iyayen ba.