Zuwa ga Bazazzagin da ya kai wasa Jamus

Kai Sarkin Fate, bawana na Tudun Wada, labarinka ya riga ka isowa Kasuwar Kurmi. An ce ka shiga ofis a birnin Bon, ka ƙare wa tumbin wani Bajamushe kallo, ka tambaye shi wata nawa ne. Shi kuma bawan Allah ya ajiye biro, ya zayyana maka abin da likita ya ce game da ƙibarsa dalla-dalla, har shayinka ya huce. Madalla da kai!

Wa ya faɗa maka kowane mai tumbi Bakano ne? Ni kake zagi in yi dariya, don kakanninmu sun gama wannan ciniki tun kafin a haife ka. Can kuwa sashe na 185 na dokar laifuffukansu ya tanadi tara ko ɗaurin da zai iya kai shekara guda ga mai cin mutunci. Da bakin nan naka, albashin wata ba zai kai goma ga wata ba. Kuma kada ka sa ran beli daga Kano, mu ba ma zuba jari inda babu riba.

Kada ka ce ba su san wasa ba, sun sani, sai dai sun yanka masa lokaci. Bikin shashancin Kolon ana buɗe shi ranar 11 ga Nuwamba, ƙarfe 11 da minti 11 daidai. Bazazzagin da bai taɓa zuwa ɗaurin aure kan lokaci ba, ina zai same su? Mutanen Kolon da na Dusuldof ma suna yi wa juna shaƙiyanci kamar ni da kai. Su ya su ne, ba a gayyaci baƙo ba.

Da Ingila ka faɗa, da ka sha kashi ta wata fuskar. Bature zai ce shawararka tana da ban sha'awa, fuska ba yabo ba fallasa, ka tafi gida kana washe baki, sai bayan sati ka gane ya binne ka. Bafaranshe kuwa ɗan Beljiyam yake ja, bai san da zamanka ba.

Ka nemi ɗan Nijar a garin, su da UNESCO ta karrama wasan danginsu a 2014, ka sauke masa abin da ke cikinka. In Badamagare ne, ka gaishe shi, shi ma nawa ne. Sannan Muharram na tafe, ka aiko kuɗin shara. Yuro nake so, ba addu'a ba.