Agogon Caja a Bompai

Tsohuwar Land Rover ta soja, irin mai ɗauke da rediyon oba-oba, bolt 24 take ci, batir biyu a jere. A Ingila masu kiwon irinta kan haɗa wa caja agogo, ya kashe ta kafin ruwan batir ya tafasa ya ƙafe.

To kawo dabarar nan gareji a Bompai. Agogon mai juyawa shi ma wuta yake sha. In an ɗauke, ya tsaya cak. Saita awa takwas ran Litinin, wataƙila su cika Alhamis. Masu wuta sun daɗe suna kashe mana caja ba a roƙe su ba, kuma har takardar kuɗi suke kawowa.