Daƙiƙa Goma a Malkohi

Bidiyon bai kai rabin minti ba, amma tun ranar Asabar yake yawo a zauren WhatsApp na danginmu, kuma na samu labarin ya haye gadar Binuwai ya isa Girei. Gara in faɗa da bakina kafin a ƙara masa gishiri.

Ɗan Bappana aka ɗaura wa aure a Malkohi, can bayan garin Yola, ni kuma na bugi ƙirji na ce hoton ranar a bar mini. Na aro kyamara wurin wani abokina mai situdiyo a Jimeta, baƙa wuluk, mai nauyi, mai dogon baki. Ya so ya nuna mini kanta, na ce ya huta, wanda ya shekara goma yana ɗaukar hoto da waya ba a koya masa danna maɓalli.

Ina sauka daga keke na fara cin ribarta. Mutanen Malkohi sun san babbar kyamara. Tun 2014 da rikicin Boko Haram ya koro jama'a daga Madagali da Michika da Gwoza zuwa sansanin da ke nan, 'yan jarida da ma'aikatan agaji ke shigowa da irinta rataye a wuya. Don haka yara suka biyo ni a baya, wani na cewa ɗan jarida ne, wani na cewa daga Abuja. Ban ƙaryata kowa ba. Aka kawo mini farar kujera aka ajiye a inuwa.

Ɗan Addata ne ya so ya ɓata mini rawa da tsalle. Yaro ne ɗan sakandare, da wata Tecno mai tsagaggen gilashi.

"Kawu, ni ma in ɗauka?"

Na zaunar da shi na yi masa karatu. Na ce farantin da ke kama haske a cikin wayarsa bai kai farcen ƙaramin yatsansa ba, na cikin wannan kuwa ya ninka shi sau da yawa, shi ya sa take ganin abin da waya ke lalubensa. Na ce waya ba hoto ɗaya take ɗauka ba, da yawa take kwasa a ƙiftawar ido ta gauraya su, ta cike inuwa, ta goge ƙuraje, sannan ta miƙo maka abin da ta ga za ka so. Na ce wannan ba ɗaukar hoto ba ne, fadanci ne. Abin da ban gaya masa ba shi ne kasuwa ta daɗe da yanke hukunci: a 2010 masu ƙera kyamara sun fitar da sama da miliyan 120, zuwa 2020 ba su kai miliyan 10 ba. Ya saurara da ladabi, ya ce, "To, Kawu," ya koma gefe bai sa wayar a aljihu ba.

Bappa modibbo ne, kuma ba ya hoto. Rabonsa da tsayawa gaban kyamara tun na fasfon aikin Hajji. Da aka shafa fatiha aka raba goro, dattawa suka taru a kansa da lallashi har ya amince, amma ya ɗaga yatsa ɗaya.

"Ɗaya. Ba biyu ba."

Na jera su ƙarƙashin mangwaro, limami a dama, waliyyin amarya a hagu, ango a durƙushe gaban mahaifinsa. Na juya na ba da umarni da babbar murya cewa kowa ya sauke waya, yau aikin manya ne. Wayoyi suka sauka. Na ɗago filasha saboda inuwa, na sa gwiwa ɗaya a ƙasa, na manna ido. Na ce, "Ɗaya, biyu, uku." Na danna.

Ba ta ɗauka ba. Sai wani ɗan siririn kuka, tit, tit, tit.

Daga nan bidiyon yaron ya fi ni riƙe labari, domin shi bai sauke tasa ba. A daƙiƙa ta farko da ta biyu ina nan daram, ido a manne, gwiwa a ƙasa, babu abin zargi. A ta uku na sake dannawa da ƙarfi, har ana ganin kafaɗata ta motsa. A ta huɗu limami ya fara gajiya da murmushi, amma ya riƙe. A ta biyar na cire ido na dubi bayan kyamarar, inda maɓallai sun fi goma kuma babu wanda na sani. A ta shida na girgiza ta. Wannan ban tuna na yi ba, amma ga shi a bidiyo. A ta bakwai wata murya daga baya ta ce, "Ko ta mutu ne?" A ta takwas kukan ya ƙara sauri, ni kuma na ɗauka tana neman agaji ne. A ta tara na juyo da ita, na kawo bakinta daidai hancina, na leƙa ciki da ido ɗaya in ga abin da ya toshe.

A ta goma ta ɗauka.

Filashar da na ɗago don ta haska dattawa tara daga nesa, ita ce ta sauke duk abin da ta tara a cikin idona na dama. Duniya ta yi fari fat, sannan ta koma kore. Na yi baya, hulata ta yi gaba, na zauna daɓas a kan ɓawon rake, bakina ya saki salatin da ban shirya ba. Yaron ya rage wa wannan wurin gudu ya maimaita shi, har ana iya ganin lokacin da hular ta yanke shawarar rabuwa da ni.

Sai washegari abokina ya warware mini. Daren Juma'a ya kafa ta a kan ƙafa uku ya ɗauki kansa da iyalinsa, ya sa mata jinkirin daƙiƙa goma don ya samu ya ruga ya shiga layi, bai cire ba. Waya da ta ga fuskoki a jere da ta san abin da ake nufi. Ita wannan ba ta san biki ba, ba ta san modibbo ba, abin da aka gaya mata jiya shi take yi yau. Na karanta cewa kyamarar dijital ta farko, wadda Steven Sasson ya harhaɗa a kamfanin Kodak a 1975, daƙiƙa 23 take yi kafin ta adana hoto ɗaya a kaset. Ashe a hannuna shekara hamsin na ci gaban kimiyya daƙiƙa 13 kawai suka rage.

Wurin ya yi tsit. Bappa ne ya fara magana.

"An ɗauka?"

"An ɗauka, Bappa."

Ban yi ƙarya ba. Ya ce, "To, alhamdu lillahi," ya gyara rawani ya shige gida, dattawa suka bi shi. Na danna in ga abin da aka ɗauka. Tun da farko ta saita ganinta kan mutanen da ke nesa, don haka fuskata ta fito dishi-dishi, fara sol, kamar malmalar tuwon shinkafa da aka soka wa yatsu biyu. Ɗigon hoto miliyan 24 aka kashe a kan ƙofofin hancina.

Ina zaune ina kallon duniya da ido ɗaya, sai ga mai raken da ke bakin hanya ya bar baronsa ya tsuguna kusa da ni, da wuƙa a hannu. Tsoho ne mai furfura, fuskarsa cike da tausayi na gaskiya.

"Sannu, mai hoto. Sabis ne."

"Na'am, Baba?"

"Sabis. Nan ƙarƙashin mangwaron ba ya kamawa. Ni ma in zan kira ɗana sai na fita fili. Wane layi ka sa mata?"

Na ce ba a sa mata layi. Ya dubi kyamarar, ya dube ni, ya girgiza kai.

"Babu layi? To da me za ta ja hoton?"

Na fara bayanin haske da gilashi, ya ɗaga wuƙa ya tsayar da ni. Ya ce in cire batirin in shanya a rana, haka yake yi wa na rediyonsa. Na ce a zafin Yola na watan Afrilu, wanda ke haura digiri 40, batirin ya riga ya shanyu a ciki. Ya ce to in buga ta a tafin hannu sau biyu, ba da ƙarfi ba. Na ce ta aro ce. Ya ce shi ke nan, an gano ciwon, ba ta saba da hannuna ba, irin waɗannan sai mai su. Ya tambayi kuɗinta, na faɗa masa abin da abokina ya ce. Ya yi salatin da ya fi nawa tsawo.

"Ana kira da ita?"

"A'a, Baba."

"Tana da tocila?"

"Ai ka ga tocilar."

"Na gani kam. Amma mai ita kaɗai take haskawa." Ya yi shiru yana nazari. "An cuce ka, ɗana. Da ka zo wurina tun farko, da na raka ka kasuwar Jimeta."

Yaron Addata ya zo ya miƙo mini hulata, ya miƙo wayar. Kafin ya koma bidiyo, ashe ya ɗauki hoto ɗaya ta ƙarƙashin hammatata. Ga Bappa nan, kowace fuska ta fito sarai duk da inuwar mangwaro, fatar kowa tana sheƙi, domin masu Tecno sun daɗe da saita kyamarorinsu don baƙar fata. Limami ya rage shekara goma. Ango ma an goge masa gumi. Fadanci ne tsagwaronsa, kuma shi aka kai Jimeta a wanke a sa a firam.

Mai rake bai haƙura ba. Ya jawo benci zuwa fili ya ce in hau, in ɗaga ta sama, in gwada a kansa. Ba ni da sauran mutuncin da zan kare, na hau. Ya tsaya bayan baronsa ya gyara hula, sandar rake a hannu ɗaya, wuƙa a ɗayan. Na danna. Tit, tit, tit. Wannan karon ko da za ta yi kuka har Magariba ba zan juyo da ita ba. Na ƙame, shi ma ya ƙame. Ta ɗauka.

Ban taɓa ɗaukar hoto irinsa ba. Kowane gashin furfurarsa ya tsaya daban, ana ganin zaren rake a bakin wuƙar, rumfar biki da jama'a duk sun narke a bayansa sun bar shi shi kaɗai. Na sauko na nuna masa. Ya kare allon da tafin hannu ya daɗe yana kallo.

"Ka gani? Ban ce maka sabis ba ne?" Ya zaro wayarsa daga aljihu. "To, turo mini."