Mutanen Rumfar Mai Gyara

A Kalifoniya ta Amurka, tun 1997 ake wani taro mai suna Vintage Computer Festival. Dattawa masu furfura ke ciccibo kwamfutocin da, irin su Commodore 64 ta 1982, su zauna su yi ta liƙi da dalma, in ta kama a yi tafi. Sha'awa ce kawai, har kuɗin shiga ake biya. Da na ji labarin dariya ta kama ni, don mu a Ƙofar Mata kullum sai mun yi wannan taro, ba tikiti ba tafi, sai cacar baki a kan kuɗin aiki. Dama unguwar ta saba da raya tsoho: marinarta tun 1498 take, har gobe kuma koɗaɗɗiyar riga na shiga karofi ta fito kamar ba ita ba.

Akwai wata rumfa da nake zama bayan la'asar, ta wani mai gyara da ya fara da rediyo, zamani ya tura shi kwamfuta. In babu wuta, a kan risho yake ɗora ƙarfen liƙinsa. A bencinsa na san mutane.

Da farko akwai Alhajin da ba ya yarda kayansa sun tsufa. Yaro ne zai biyo shi da akwatin kwamfuta a ka, wadda ya saya lokacin yana da shagon buga takardu. Windows XP ce a ciki, wadda ta fito a 2001, masu ita ma sun saki hannunta tun 2014. Kafin a kwance noti ɗaya sai ya ba da tarihi: wanda ya kawo ta daga Kwatano, nawa dala take a ranar, takardun ɗalibai nawa ta buga. Ciwon nata bai taka kara ya karya ba. Wani ɗan batir ne mai kama da kwabo, shi ke riƙe mata agogo, ya mutu, shi ya sa kullum ta farka take zaton shekarun baya ake. In aka ce, “Alhaji, batir ne kawai,” sai ransa ya ɓaci. Ya so a ce babbar cuta ce, wadda ta dace da darajarta. Ni dai a ganina su biyun agogonsu ɗaya.

Sai mai bugu. Shi ya yi imani babu na'urar da mari ba ya gyarawa, don rediyon babansa da haka ta rayu. Masu bugun shadda na unguwar sun fi shi tausayi, su aƙalla sheƙi suke nema.

Wanda mai gyara ya fi tsoro shi ne mai cewa, “Wallahi Oga, haka kawai ta mutu.” A juya ta a ga shatin wuƙar kicin a gefe, wayoyi biyu an ɗaure su da leda, notina uku babu. A tambaye shi ko wani ya buɗe, ya dubi sama ya ce wataƙila yara. Can in zai biya kuɗi, sai notinan su zubo daga aljihunsa.

Akwai kuma ɗan zaman benci, wanda bai taɓa kawo ko tocila ba. Komai aka ajiye, kafin a ɗora mita ya yanke hukunci: “Ai-si ne.” Fanka ta tsaya, ai-si ne. Ɓera ya ci waya, ai-si ne. Ranar da ya dace, sau ɗaya a shekara, har mai shayi sai ya ji labari.

Hajiya ita ba ruwanta da kwamfutar. Faifan flofi ta zo da shi a naɗe cikin hankici, wai hotunan bikin babbar 'yarta ne duka a ciki. Abin da ke ɗaukar megabayit 1.44, ko hoto ɗaya na wayar jikarta ba zai shiga ba. A nan ba a dariya. Mai gyara kan tono wata tsohuwar na'ura daga ƙarƙashin tebur, ya hure ƙura, a yi shiru ana jin ƙararta kamar keken ɗinki. Da aka buɗe, takardar neman aikin mijinta ce. Ta ce a buga mata ita.

Kwanan nan wani sabon iri ya ɓullo: ɗan gidanmu da ya yi karatu a Ingila, ya dawo yana neman tsofaffin kwamfutoci, wai can kayan tarihi ne. Abokin takararsa ɗan jari-bola ne, mai saye da kilo. Sun taɓa haɗuwa a kan akwatin Alhajin nan, wannan na shafa shi yana karanta lamba, wancan na ɗaga shi yana jin nauyi. Alhaji da ya ga ana rububi sai ya fasa sayarwa.

Ni kuwa tawa kwamfutar tana kan kanta ta uku, ƙarƙashin wata rediyon kaset, tun kafin azumin bara. Jiya ma na tambaya. Ya ce, “Malam, ai an kusa, ka leƙo jibi.”