Taimakon Baba Maigadi

Illela ba garin da ake koya wa mutum lissafi ba ne. Ranar Lahadi, idan kara ta cika, shanu da raƙuma da tumaki sun tsallako daga Nijar ta Birnin Konni, manyan motoci sun yi layi suna jiran lodin Kudu, sai ka ga mutum cikin koɗaɗɗiyar riga a tsugune yana cinikin miliyoyi. Irin waɗannan mutanen sun san darajar kuɗi, amma da girman abu suke auna farashinsa. Ɗaya daga cikinsu, wani Alhaji, shi ne ya ɗauko ni daga Sakkwato.

Tun 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta ta kwamfuta zalla, kuma cibiyar da ke son a ba ta ɗalibai sai ta tanadi kwamfuta aƙalla 250, kowace an ja mata waya zuwa babbar kwamfutar da ake kira saba. Wani aboki ya raɗa wa Alhaji cewa akwai samu a harkar. Ya gyara tsohon siton albasa, ya sa tayil da silin, ya ce saura "'yan wayoyi".

Na rubuto masa jerin kaya: kebul Cat6, kawunan RJ45, suwic shida masu kafa 48, da babban suwic guda mai hankali wanda ake shiga cikinsa a ba shi umarni. Da yatsansa ya iso kan farashin wannan na ƙarshe, sai ya cire tabarau.

"Injiniya, mi kac ce? Wanga ɗan akwati kuɗin bijimi?"

"Ranka ya daɗe, shi ne mai tsare sauran."

"Ina da maigadi."

Ya soke shi da biro, ya aika Kano aka kawo masu araha, waɗanda ba sa tambaya ba sa musu, duk abin da aka zuba musu sai su wuce da shi.

Kebul kuwa wani dillali ya kawo, kwali-kwali, kowane mita 305, a rabin farashin da na faɗa. Na yanki guntu na kankare shi da wuƙa a gaban Alhaji. Jan ya tafi, fari ya bayyana: alminiyom ne aka yi wa shafen jan ƙarfe. Na kusanta shi da ashana, ya lanƙwashe ya faɗi. Wannan gwajin Alhaji ya gane shi nan take, don ya sha ganin saniyar da aka ɗura wa ruwa daren kasuwa. Dillali ya kwashe kayansa, sai kwali ɗaya da aka riga aka farke, wanda Baba maigadi ya roƙa aka ba shi don ɗaure raguna.

Matse kawuna shi ne aikin da ke cin yatsa. Waya 250, kowace kai biyu, kowane kai sili takwas: sili 4,000 ke nan, kuma kowane da gurbinsa. Fari mai ratsin lemo, lemo, fari mai ratsin kore, shuɗi, fari mai ratsin shuɗi, kore, fari mai ratsin ƙasa, ruwan ƙasa. Alhaji ya haɗa ni da ɗan ƙanwarsa ya taya ni, yaro mai kaifin kai da son gardama.

"Oga, wai wuta ta san launi?"

Na ce wuta ba ta san launi ba, amma ta san abokin tafiya. An murɗe silin biyu-biyu ne don su kashe hayaniyar da ke shiga saƙo, kuma gurbi na uku da na shida dole su zama 'yan murɗi ɗaya. In ka raba su, na'urar gwaji mai araha za ta nuna lafiya lau, amma in wayar ta yi tsawo saƙo zai riƙa isa a daddage. Ya gyaɗa kai, ya je ya matse nasa yadda ransa ya so, muka yini muna yanke su.

Ba wayar da na bari ta haura mita 100, don nan ne iyakarta. Kowace na manna mata lamba a baki biyu da farin salatif. Guda ɗaya ce kawai, 'yar gajera shuɗiya, na sa bakinta ɗaya a suwic na huɗu na bar ɗayan yana jiran firinta da za a kawo ranar Litinin. Daren Asabar komai na amsawa. Na kwanta da murmushi.

Alhaji ya zaɓi Lahadi don gwaji, saboda ranar ce abokan cinikinsa ke gari. Aka tara yara daga makarantu suka cika kujeru. Manyan baƙi suka shigo da malum-malum, wasu da sandar kiwo a kafaɗa. Aka ta da janareta, na kunna saba, na ce bisimilla.

Ba kwamfutar da ta buɗe shafin jarrabawa. Ko ɗaya.

Na ruga ɗakin saba, abin da na gani ya sa gwiwata ta yi sanyi. Fitilun suwic duka shida suna ƙiftawa tare, da gudu, ba numfasawa. Na duba lambobina: babu. Wayoyi 250 tas, an goge su har suna ƙyalli. Alhaji ya shigo bayana da baƙinsa, ya ga fitilu, fuskarsa ta washe.

"Ku gani! Haka aiki ya kamata shi yi. Injiniya, sannu da ƙoƙari."

"Ranka ya daɗe, ai mutuwa ce wannan."

"Mutuwa da rawa?"

Kafin in amsa, wayar wani baƙo ta yi ƙara, saƙon Faransanci ya shigo yana yi masa maraba da zuwa Nijar, alhali yana tsaye cikin siton albasa. Wannan ba sabon abu ba ne a Illela, layi kan tsallake da kansa. Amma nan take majalisa ta gano mai laifi: sabis ɗin Konni ne ya shigo ya rikita namu. Na ce wayoyinmu a rufe suke, ba ruwansu da iska. Wani dattijo ya dube ni da tausayi.

"Yaro, Buhari ya ruhe boda a 2019, anka sake ruhe ta a 2023. Ka ga shinkahwa ta bar shigowa? Balle iska?"

Ban da amsar wannan. Na durƙusa na fara zare wayoyin da suka haɗa suwic da suwic, ɗaya bayan ɗaya, gumi na ɗiga daga haɓata. Na farko, rawa ba ta tsaya ba. Na biyu, haka. Da na zare na huɗu sai sauran suka lafa, daga zaure na ji yara sun ɗau sowa. To cutar tana cikin na huɗu, tsakanin wayoyi arba'in da wani abu marasa suna. Na bi su da yatsa har na iso ga 'yar shuɗiyar nan. An naɗe ta da kyau, an ɗaure da zaren kaba, bakinta biyu duk a soke cikin suwic ɗaya.

"Wa ya shigo ɗakin nan?"

Baba ya matso da tsintsiya a hannu, yana jiran yabo.

"Ni na, ɗana. Da asuba nish shigo shara, don baƙi. Na ishe takardu manne ga wayoyi, nik kware su. Wagga kuma tana lilo, ga rami hili kusa da ita, sai nis sa ta."

Suwic yana da irin saƙon da idan ya shigo ta kafa ɗaya sai ya watsa shi ta dukkan sauran. In wata waya ta fita daga jikinsa ta dawo jikinsa, saƙon zai komo, shi kuma ya ɗauka sabo ne ya sake watsawa, kuma irin wannan saƙon ba a sa masa wa'adin mutuwa ba. Kamar mai shela ne da zai yi sanarwa a bakin kara, ta zaga ta dawo masa a bakin wani, ya ce ashe akwai sabon labari, ya sake ɗaga murya. Cikin daƙiƙu hanya ta cushe. Haka na bayyana wa Alhaji, na ƙara da cewa tun 1985 wata injiniya Ba'amurkiya, Radia Perlman, ta samo maganin abin: suwic masu hankali su riƙa aika wa juna 'yan saƙonni, da sun gano hanya ta zagayo sai su toshe kafa ɗaya.

"Mace?"

"Mace, ranka ya daɗe."

"Allah shi yi mata albarka. Ina anka sai da maganin nata?"

"Yana cikin akwatin da ka soke da biro."

Ya yi shiru. Baƙi suka shiga duban silin.

Kafin wata Lahadin, babban suwic mai hankali, Cisco na hannu, ya iso. Na jona shi da laftof ta wayar saiti, na kashe duk kafar da ba a amfani da ita, na raba kwamfutocin jarrabawa da na ofis da kyamarori, kowane rukuni da layinsa, na umarce shi da ya rufe kafar duk ƙaramin suwic ɗin da ya fara hauka, don layi ɗaya ya tsaya maimakon zaure duka. Na yi sauri na buga umarnin ajiya, saboda saitin da ba a ajiye ba yana tafiya da ɗaukewar wuta, ga shi na hango Baba ya nufi janareta da tsumma. Lambobi kuma na sake rubuta su da alƙalamin da ba ya goguwa, a jikin wayar kanta. Baba ya leƙo yana ƙorafin cewa kebul ɗin da aka ba shi na banza ne, rago ɗaya ya tsinke shi sau biyu.

Gwaji na biyu ya tafi sumul. Na je karɓar cikon kuɗina, na tarar da Alhaji a gaban suwic, hannu a baya, fuska a murtuke. Fitilu suna ƙiftawa jifa-jifa, kowace da nata lokacin.

"Injiniya, kuɗin bijimi nib biya, kuma hitilu sun rage ƙwazo. Ran nan sun hi haka aiki. Ko dai a rage wani abu cikin naka?"

Na buɗe baki zan fara bayani, sai Baba ya jingine tsintsiya ya matso.

"Alhaji, in rawar kaka so, ai na san ramin da aka sa ta."

Da kuɗin aljihuna na sayo kwaɗo, kuma sai da na ga makullin ya shiga aljihun Alhaji na hau motar Sakkwato.